Su Wane Ne Shaidun Jehobah?

Karatu: Matta 24:36-44

Wataƙila an taɓa yi maka sallama, ka fito ka tarar da mutum biyu riƙe da mujallar Hasumiyar Tsaro. Kafin ka zauna da su, ya kamata ka san tushensu.

Ƙungiyar ta samo asali ne a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Wajen shekara ta 1870, wani saurayi mai suna Charles Taze Russell ya fara tara abokai suna nazarin Littafi Mai Tsarki. A 1879 ya soma buga mujallarsa. Ya koyar cewa Yesu ya riga ya dawo a ɓoye tun 1874, kuma mulkokin duniya za su ƙare a 1914. Yaƙi ya ɓarke a shekarar, amma mulkokin ba su ƙare ba. Russell ya rasu a 1916.

Magajinsa, Joseph Rutherford, ya ce Ibrahim da Ishaku da Yakubu za su tashi daga matattu a 1925. Ba su tashi ba, mabiya da yawa kuwa suka janye. A 1931 ƙungiyar ta ɗauki sunan Shaidun Jehobah daga Ishaya 43:10. Daga baya aka mai da ɓoyayyar dawowar Yesu zuwa 1914. Littattafansu sun sake sa mutane zuba ido ga 1975, har shugabannin suka amsa a 1980 cewa da hannunsu a wannan kuskure.

Ban da batun ranaku, sun ƙi koyarwar Allah Uku Cikin Ɗaya. Suna cewa Yesu halitta ne, Ruhu Mai Tsarki kuma iko ne kawai, mutum 144,000 ne kaɗai za su shiga sama. Ba sa karɓar ƙarin jini, ba sa shiga soja. Sun kuma sha tsanani: Hitila ya kulle dubbansu, Kamaru ta hana aikinsu daga 1970 zuwa 1993, Gana kuma daga 1989 zuwa 1991. Zalunci ne a tsananta wa mutum saboda bangaskiyarsa, ko da ba mu yarda da koyarwarsa ba.

To, mene ne darasinmu? Russell bai fara da mugun nufi ba, ƙishin sanin Maganar Allah ne ya tashe shi. Amma ya nemi lissafa abin da Ubangiji ya ce Uba ne kaɗai ya sani. Da lissafin ya kāsa, maimakon a bar shi, sai aka yi ta gyara shi. Wannan jarabar tana nan a ikilisiyoyinmu har yau, duk lokacin da wani ya tashi yana sa wa Allah rana.

Idan sun zo ƙofarka, kada ka zage su. Ba su ruwa, ka buɗe Littafinka a Yohanna 1:1-14 da 20:28, ku karanta tare. Amma fa sai ka san Littafin da kanka tukuna, kamar mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11.

Addu'a: Ya Uba, ka koya mini in zauna a shirye kullum, in kuma amsa wa kowa da gaskiya da tawali'u. A cikin sunan Yesu, Amin.