Daga Ina Farin Yashin Tsibiran Maldif Yake Fitowa?

A kudu maso yammacin ƙasar Indiya, can tsakiyar Tekun Indiya, akwai wata ƙasa da ake kira Maldif. Ƙasar ta ƙunshi ƙananan tsibirai kusan 1,200 waɗanda suka yi jerin gwano daga arewa zuwa kudu, tsawon fiye da kilomita 800. Duk da wannan yawa nasu, idan aka haɗa faɗinsu gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 300 ba. Mazauna ƙasar sun kai kimanin rabin miliyan, kuma tarihinsu ya nuna cewa sun karɓi Musulunci tun shekarar 1153. A 1972 ne aka buɗe masaukin 'yan yawon buɗe ido na farko a ƙasar. A shekarar 2024 kuwa baƙin da suka ziyarce ta sun haura miliyan 2. Babban abin da ke jan hankalinsu shi ne gaɓar teku mai yashi fari fat, mai laushi kamar gari, da ruwa garai-garai wanda mutum ke iya hango ƙasansa.

Ga mai nazarin kimiyya, akwai wata tambaya a cikin wannan yashi. A yawancin gaɓar tekunan duniya, yashi daga tudu yake zuwa. Rana da ruwan sama da iska suna farfasa duwatsu a hankali, koguna su kwashi ɓarɓashin su kai teku, kamar yadda Kogin Kwara ke yi, sannan igiyar ruwa ta baza shi a gaɓa. To amma a Maldif babu kogi, babu tsauni, babu ko dutse irin wanda aka saba gani a Dala ko Kufena. Kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙasar bai kai mita 1 a saman teku ba. Ke nan wane ne ya kawo yashin? Amsar ita ce ba kawo shi aka yi ba: a nan wasu halittu masu rai suke ƙera shi, har gobe kuma suna kan aikin.

Murjani dabba ce

Bahaushe ya san murjani a matsayin jan dutsen ado da mata ke ratayawa a wuya. Wancan jan murjanin, wanda aka fi samu a Bahar Rum, ɗan'uwa ne ga murjanin da ake magana a kansa a nan, sai dai shi ba ya gina komai mai girma. Duk da kamarsa da dutse ko reshen itace, murjani dabba ce. Kowace ɗaya 'yar mitsitsiya ce mai taushin jiki, siffarta kamar ƙaramin kofi, da baki a sama wanda wasu siraran hannuwa suka kewaye. Da waɗannan hannuwa take cafke ƙananan halittun da ruwa ke kawowa, musamman da dare. Tana tsotsar sinadarai daga ruwan teku ta gina wa kanta mazauni mai tauri na kalsiyam kabonet, watau sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da ƙoƙon katantanwa. Dubbai suke zama manne da juna. Idan na ƙasa suka mutu, na sama su ci gaba da gini a kan kufansu. Nau'in da ke yin rassa yakan ƙaru da kimanin santimita 10 a shekara, mai siffar curi kuwa da ƙyar yake wuce santimita 1. A haka, cikin dubban shekaru, ake samun doguwar ganuwar murjani a ƙarƙashin ruwa.

Wannan aiki ya fi ƙarfin murjani shi kaɗai. A cikin naman jikinsa akwai wata irin gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda ba a ganinta sai da madubin ƙara girma. Ita tana haɗa abinci da hasken rana kamar sauran tsirrai, ta ba mai masaukinta kaso mafi tsoka, wanda kan kai kashi 90 cikin 100 na abin da yake bukata. Shi kuma ya ba ta mafaka da taki. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Ita ce kuma ke ba murjani yawancin launinsa. Saboda bukatarta ga haske, murjani mai gina ganuwa ba ya yin kyau sai a ruwa mai ɗumi, marar zurfi, marar laka.

Ganuwoyin Maldif sun tsaru ne zobe-zobe, kowane zobe da tafki a tsakiyarsa, tsibirai kuma a bisa gefensa. Akwai manyan zobba 26. Masana na kiran irin wannan zobe atol, kalmar da aka aro daga harshen mutanen ƙasar, watau Dibehi. A 1842 Charles Darwin ya kawo bayanin cewa atol yana somawa ne da murjanin da ya kewaye tsibirin dutse mai aman wuta. Dutsen ya yi ta nutsewa sannu a hankali, murjani kuma ya yi ta gini sama don ya riski haske, har dutsen ya ɓace, zobe ya rage. A 1952 aka haƙa rijiya mai zurfi a atol ɗin Enewetak da ke Tekun Fasifik, aka tarar da dutsen aman wuta a ƙarƙashin fiye da mita 1,200 na tsohon murjani. Masanan yau sun ƙara da cewa hawa da saukar da teku ya yi ta yi a zamunan ƙanƙara ya taka babbar rawa wajen sassaƙa zobban yadda ake ganinsu yanzu.

Kifi mai bakin aku

Ganuwa dai dutse ce, ba yashi ba. Dole a sami mai niƙa. Igiyar ruwa tana karya rassan murjani, wasu tsirran teku masu ɓawon alli suna mutuwa su ruɓe su bar ɓarɓashi, haka nan ƙoƙunan dodon koɗi. Amma babban maniƙi wani kifi ne mai launuka masu ɗaukar ido, kore da shuɗi da ruwan hoda, wanda haƙoransa suka haɗe suka zama kamar bakin aku.

Abincin wannan kifi shi ne gansakuka da sauran ƙananan halittun da ke tsirowa a kan mataccen murjani da cikin ƙofofinsa. Ba shi da hanyar ɗebe su ba tare da ya gatso dutsen ba. Masu ninƙaya a kusa da ganuwa sukan ji ƙarar gatsarsa ƙarƙashin ruwa, ƙaras-ƙaras, tun daga safe har yamma. A cikin maƙogwaronsa akwai wasu haƙoran na biyu masu aiki kamar dutsen niƙa, su ke mayar da abin da ya gatso gari. Cikinsa ya tsotse abincin, sauran kuma ya fita a matsayin kashi, ya bazu cikin ruwa kamar farin hayaƙi. Wannan kashin shi ne yashi. Babban kifi guda ɗaya yana iya fitar da ɗaruruwan kilogiram a shekara.

A 2015 Chris Perry na Jami'ar Exeter ta Ingila da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi a kewayen tsibirin Vakkaru da ke arewacin Maldif. Sun gano cewa fiye da kashi 85 cikin 100 na sabon yashin da ganuwar wurin ke samarwa daga cikin wannan kifi yake fitowa. Baƙon da ya biya maƙudan kuɗi ya shimfiɗa mayafi a gaɓa, a kan abin da ya ratsa hanjin kifi yake kwance, ko ya sani ko bai sani ba. Kifin yana da wani amfanin kuma: kiwon da yake yi yana hana ciyawar teku rufe ganuwa, ta haka jariran murjani ke samun fili mai tsabta su kafu.

Da yake wannan yashi fari ne, yana mayar da yawancin hasken rana maimakon ya shanye shi, shi ya sa ba ya ƙona tafin ƙafa da tsakar rana kamar yashi mai duhu.

Igiyar ruwa ce ke tura yashin bisa ganuwa ta tara shi wuri guda har ya ɗago sama. Tsuntsaye da ruwa su kawo iri, ciyayi da kwakwa su tsiro, saiwoyinsu su riƙe ƙasa. Ruwan sama ya nutse cikin yashi, kuma da yake bai kai ruwan gishiri nauyi ba, sai ya zauna a samansa. Daga nan ne rijiyoyin tsibiri ke samun ruwan daɗi. Amma gaɓar ba ta zama wuri ɗaya. Daga wajen Disamba zuwa Afrilu iska daga arewa maso gabas take busowa, daga Mayu zuwa Nuwamba kuma daga kudu maso yamma. Kowace iska takan kwashi yashi daga wannan gefen tsibiri ta kai wancan. Wanda ya gina katanga ko matsayar jiragen ruwa ba tare da lura da wannan zirga-zirga ba, yakan wayi gari ya tare wa yashi hanya, gaɓar da ke bayan gininsa ta zaizaye.

Wurin da ya zo ƙasar Hausa

Akwai wata halittar waɗannan tafkuna da kakannin Hausawa suka sani sarai, ko da ba su san mafarinta ba. Ita ce wuri. Wuri ƙoƙon wani ƙaramin dodon koɗi ne na teku, kuma shekaru aru-aru Maldif ce babbar mai fitar da shi. Mutanen tsibiran kan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa marar zurfi, dabbobin su manne a jiki, a jawo su waje, a binne cikin yashi har naman ya ruɓe, sannan a wanke. Ibn Battuta, wanda ya zauna a Maldif wajen 1343 har ya yi alƙalanci a can, ya ba da labarin wannan ciniki, daga baya kuma ya tarar ana saye da sayarwa da irin wannan wuri a Mali da Gawo. Bayan zuwan Turawa, jiragensu sun yi ta jigilarsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, inda ya shiga cikin cinikin bayi. Ya zama kuɗin kasuwannin Kano da Katsina da Sakkwato, har ma kalmar kuɗi kanta asalinta jam'in wuri ce.

Idan masana'antar ta tsaya

Zaman murjani da gansakukarsa yana da iyaka. Idan zafin ruwa ya ɗara abin da aka saba a lokacin mafi zafi na shekara da digiri 1 kacal a ma'aunin Selshiyas, ya kuma daɗe makonni a haka, sai murjani ya kori gansakukar daga jikinsa. Namansa ya zama garau, farin ƙashinsa ya bayyana. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa yake ji. In ruwa ya huce da wuri yakan farfaɗo, in kuwa zafin ya zarce sai ya mutu. A 1998 irin wannan zafi ya hallaka mafi yawan murjanin da ke ruwa marar zurfi a Maldif. Ganuwoyin sun ɗauki fiye da shekara goma suna murmurewa, sai ga wani zafin a 2016. Awon da aka yi a wasu ganuwoyin kudancin ƙasar ya nuna rayayyen murjani ya ragu da kimanin kashi 75 cikin 100, kuma abin da ke zaizayewa ya zarce abin da ake ginawa. A 2024 an sake shiga wani zagayen a tekunan duniya.

Abin lura shi ne, bayan mutuwar murjani kifi mai bakin aku ba ya daina aiki. Hasali ma abincinsa ƙaruwa yake yi, yashi kuma yana iya ƙaruwa na ɗan lokaci. Sai dai wannan cin jari ne, ba cin riba ba, tunda ana niƙa ganuwar da babu mai sake gina ta. Ganuwar kuwa ita ce garkuwar tsibiri, domin bincike ya nuna tana iya rage ƙarfin igiyar ruwa da kusan kashi 97 cikin 100 kafin ta iso gaɓa.

Mutanen Male, babban birnin ƙasar, sun ga zahiri. Da yake babu wani dutse a ƙasar, da murjani aka daɗe ana gini. Tsohon Masallacin Juma'a na birnin, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 17, da sassaƙaƙƙen murjani aka yi shi. Da birni ya bunƙasa, haƙar murjani ta yawaita, aka kuma cike wani ɓangare na ganuwar don a sami filin gini. A Afrilun 1987 manyan igiyoyi suka malale babban sashe na birnin. Sai da aka kewaye shi da katangar kankare da taimakon ƙasar Japan, aikin da ya ci miliyoyin daloli, don ta yi abin da murjani ke yi a da kyauta.

Ga kuma hauhawar teku, wanda ya ɗaga da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Don jawo hankalin duniya ne a Oktoban 2009 shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa. Amma a nan akwai bukatar taka-tsantsan, domin tsibirin murjani ba tubali ba ne da ruwa zai rufe kawai. Masanan da suka gwada tsofaffin hotunan sama da na yanzu sun tarar cewa tsibirai da yawa ba su ƙanƙance ba, wasu ma sun ƙaru, wasu sun sauya siffa. Igiyar da ke cin gaɓa ita ce kuma ke jibga sabon yashi a kanta. Sharaɗin shi ne a sami yashin da za a jibga, wannan kuwa ya rataya ne a kan rayayyen murjani da kifin da ke kiwo a kansa.

Gwaji a cikin aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai bambancin yashin nan biyu ba tare da zuwa teku ba. A sami kofunan gilashi biyu. A zuba yashin rafi da aka wanke sosai a cikin na farko, a zuba dakakken ɓawon ƙwai ko ƙoƙon katantanwa a na biyu, shi ne zai tsaya a madadin yashin murjani. A tsiyaya ruwan binega a kowanne har ya rufe abin da ke ciki. In babu, tatattun lemun tsami ma sun yi. Kofi na biyu zai soma fitar da 'yan ƙananan kumfa, watau iskar kabon dayoksaid da ke fita yayin da tsami ke narkar da kalsiyam kabonet. Yashin rafi, wanda galibinsa sinadarin silika ne, zai zauna shiru. Kada a yi amfani da allin rubutu a madadin ɓawon ƙwai, domin da yawansa da wani sinadarin dabam ake yi, ba zai yi kumfa ba. A ajiye kofunan zuwa washegari, ɗalibai su tace abin da ya rage a kowanne, su shanya, su gwada shi da abin da aka zuba tun farko.