Darasin Kimiyya: Motar Gudu da Ba Ta Yi Tafiya Ba, Sabuwa Ce ko Tsohuwa?

Ɗalibai, ku buɗe littattafanku ku rubuta alƙaluma biyu: 390 da 26. A watan Agusta na 2021, a gwanjon motoci na Pebble Beach da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kamfanin Gooding & Company ya sayar da wata mota ƙirar McLaren F1 a kan kuɗi sama da dala miliyan 20. A Ingila aka ƙera ta a 1995, ta yi yawancin shekarunta a ajiye a Japan, kuma duk tafiyar da ta yi ba ta wuce kilomita 390 ba, wato ko nisan Kano zuwa Abuja ba ta kai ba. Ku raba 390 gida 26, shekarun motar ke nan ranar da aka buga mata ƙararrawa. Kilomita 15 a shekara za ku samu, alhali motar gida ta yau da kullum tana cin kilomita dubu goma sha biyar ko fiye a shekara.

Tambayar darasinmu ita ce: wanda ya sayi irin wannan mota, sabuwa ya saya ko tsohuwa? Amsar tana rataye ne a kan abu guda. Mota tana tsufa ta hanya biyu, ta hanyar tafiya da ta hanyar zama, kuma mitar da ke gaban direba ɗaya kawai take ƙirgawa.

Abin da mita ke ƙirgawa

Mitar nisa juyawar ƙafafun mota take lissafawa. A tsofaffin motoci wata waya ce mai juyawa ke fitowa daga giya ta murza ƙananan haƙora a bayan allon direba. A motocin yanzu na'ura ce ke jin juyawar, ta aika wa kwamfutar mota. Abin da wannan lamba ke ba da labari shi ne gogayya: yawan hawa da saukar fistan a cikin silinda, yawan cin da takalman birki suka yi, yadda kuloci ya siɗe. Idan lambar ƙarama ce, ƙarafunan inji ba su ci juna ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi mai saye yake biya. Ku kula kuma da ma'auni: motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne.

Sai dai mota ba ƙarfe ba ce zalla. Akwai roba, akwai mai iri-iri, akwai ruwan batir, akwai fata da gam. Waɗannan babu ruwansu da mita. Iskar oksijin da danshi da zafi suna aiki a kansu dare da rana, ko motar tana kan titi ko tana lulluɓe a gareji.

Ƙa'idar zafi

Kafin mu bi sassan ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta wannan ƙa'ida. Masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana a 1889 yadda zafi ke ƙara saurin haɗuwar sinadarai. Daga nan aka samo ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi: a sinadarai da yawa, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin lalacewa kusan sau biyu. Ƙiyasi ne, ba awon zinariya ba, amma yana da amfani. Motar da aka ajiye a ɗaki mai digiri 20 da wadda aka bari ƙarƙashin rufin kwano a Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, ba shekara iri ɗaya suke yi ba. Ta biyun na iya tsufa ninki huɗu. Shi ya sa masu tara irin waɗannan motoci suke kashe kuɗi a kan ɗakin ajiya mai sanyi, marar danshi, marar hasken rana.

Roba

A nan za mu daɗe, domin a nan rai yake. Roba dogayen zarurruka ne na sinadari da aka ɗaure su da juna da farar wuta lokacin da ake dafa ta a masana'anta. Oksijin yana ci gaba da shiga tsakanin zarurrukan yana ƙara ɗaure su, robar ta riƙa tauri. Akwai kuma iskar ozon da ke tsattsage fuskar taya, shi ne ƙananan tsagar da kuke gani a gefen tsohuwar taya. Masu ƙera taya sun san da wannan, don haka suna cuɗa kakin kariya da wasu sinadarai a cikin robar. Abin lura shi ne, waɗannan sinadarai suna fitowa saman taya sosai ne idan tana birgima, tana lanƙwasa, tana ɗaukar ɗumi. Tayar da ke tsaye wuri ɗaya tana rasa wannan taimako. Iskarta kuma tana sulalewa a hankali kowane wata, nauyin mota ya danne gefe guda har ya baje.

Saboda haka za ku ga taya da zanenta cif, ko kaɗan bai siɗe ba, amma ta bushe ta daina kama kwalta. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tun daga 2000 ake rubuta shi haka. Kamfanonin mota da dama suna cewa a canja taya in ta kai shekara shida, manyan masu ƙera taya kuma suna cewa ko ta halin ƙaƙa kada ta wuce goma.

Yawancinku kun san Paul Walker, jarumin finafinan Fast & Furious. Ranar 30 ga Nuwamba 2013 ya rasu a Santa Clarita ta Kalifoniya tare da abokinsa Roger Rodas, wanda shi ke tuƙi. Motar Porsche Carrera GT ce ta 2005, wadda ba ta yi tafiya mai yawa ba. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, domin motar tana tsakanin kilomita 130 zuwa 150 a awa a titin da iyakarsa ba ta wuce 72 ba. Amma rahotonsu ya kuma nuna cewa a cikin tayoyin akwai waɗanda suka haura shekara tara. Ba a ce taya ce ta kashe su ba, kada ku je kuna faɗin haka. Abin da nake so ku gani shi ne yadda mota mai tsada, mai ƙarancin tafiya, take iya zama a kan tsohuwar roba ba wanda ya lura.

Ba taya kaɗai ba ce roba. Tiyon lagireto roba ne, zobban da ke hana mai yoyo roba ne, bel ma haka. Zoben da mai ya daina jiƙa shi yakan bushe ya tsuke, ranar da aka tayar da injin sai a ga ɗigo a ƙasa. Mafi haɗari shi ne bel ɗin taimin, mai daidaita buɗewar bawul da motsin fistan. In ya tsinke a injin da sassansa ke kusa da juna, fistan zai daki bawul, an gama da injin. Don haka littafin mota yake ba da wa'adi biyu, na kilomita da na shekaru, duk wanda ya riga zuwa. A Ferrari F355 ta shekarun 1990, ƙa'idar kamfani ita ce a sauke injin gaba ɗaya kafin a canja wannan bel. Ko motar ba ta fita ƙofar gida ba, wa'adin shekarun zai cika, kuɗin sauke inji kuma ya hau kan mai ita.

Fetur, man birki da baƙin mai

Fetur gauraye ne na sinadarai masu nauyi daban-daban. Masu sauƙin su ne ke fara tashi sama, su ne kuma ke sa inji ya kama da wuri. Sauran kuwa oksijin yana mai da su wani danƙo mai ɗoyi da ke toshe famfon mai da nozul. Cikin 'yan watanni ake fara ganin wannan. A Amurka yawancin fetur yana da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin etanol, shi kuma yana jan danshi daga iska. In ruwan ya yi yawa sai ya rabu ya kwanta a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa.

Man birki shi ne abin da na fi so ku fahimta da lissafi. Irin wanda ake kira DOT 4, idan sabo ne, ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230. Amma yana shan danshi ta tiyo da murfi, in ya sha ruwan da ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin da doka ta yarda da shi ya sauko zuwa digiri 155. Me ya sa wannan ya dami motar gudu fiye da ta kai yara makaranta? Ku ɗauki mota mai nauyin kilo 1,500 tana gudun kilomita 200 a awa, wato kusan mita 56 a daƙiƙa. Ƙarfin motsinta rabin nauyi ne sau gudu sau gudu, ya ba mu wajen jul miliyan 2.3. Taka birki ɗaya yana mai da duk wannan zafi, wanda ya isa ya kai lita bakwai na ruwa ga tafasa. Idan man birkin ya tafasa, tururi ne ya shiga bututu, tururi kuwa yana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Dalilin da ake cewa a canja man birki duk shekara biyu ke nan, ba tare da an dubi mita ba.

Baƙin mai kuwa yana tsiyayewa daga sassan sama na inji ya koma ƙasa, ya bar ƙarfe tsirara ga danshi. Wasu masu ajiyar mota suna tayar da ita minti biyar kowane mako, suna ganin gata suke yi mata. A ganina wannan ya fi barin ta illa. Ƙona lita ɗaya ta fetur yana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Idan inji da salansa ba su yi zafi sosai ba, tururin nan zai koma ruwa a cikinsu, ya gauraya da ragowar hayaƙi ya zama tsami mai cin ƙarfe. Ko dai a fita da motar ta yi tafiya har manta ya yi zafi sosai, ko a shirya ta don dogon zama a ƙyale ta.

Batir

Wannan gajere ne. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6. Yana zubar da caji da kansa, kwamfutocin mota da ƙararrawar ɓarayi kuma suna tsotsa ko an zare makulli. In ya daɗe a ƙasa, wani farin gishirin darma yakan daskare a jikin farantansa, ba ya kuma narkewa da caji. Batir dai canja shi ake yi, ba abin tayar da hankali ba ne. Ɓeran da ya yi sheƙa a bayan allon direba ya ci wayoyi ya fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Kasuwa

To, in haka ne, me ya sa ake rububin irin waɗannan motoci? Ƙaranci. McLaren F1 guda 106 kacal aka ƙera, 64 daga ciki ne na hawa titi. Kamfanin Buick ya yi GNX guda 547 a 1987, a 2019 kuma aka sayar da wata da ba ta kai kilomita 14 ba a kan dala 200,000. Roba da mai ana sayen sababbi, amma kilomitar da aka riga aka ci ba ta dawowa ta hanyar halal. Wannan ya sa mai irin wannan mota cikin tsaka mai wuya: in ya hau ta darajarta ta ragu, in ya ajiye ta tana lalacewa a tsaye. Yawancin masu sayenta sun riga sun zaɓi ajiya, sun ɗauke ta kadara, ba abin hawa ba.

Tun da ƙaramar lamba kuɗi ce, dole a sami masu juya mita baya. Amurka ta haramta haka a dokar tarayya tun 1972, mu ma nan duk wanda ya taɓa cinikin mota 'yar Kwatano ya san zancen. Mai saye mai ilimi ba ya tsayawa ga allon direba. Yakan ɗauki lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17, wadda aka daidaita tun 1981, ya bi tarihin rajista da gwaje-gwajenta, ya ga ko lambobin suna hawa ne a jere. Yakan sa kanike ya jona na'ura, domin motoci da yawa na zamani suna ajiye nisan tafiya a kwamfuta fiye da ɗaya. Sannan ya duba abin da ba ya ƙarya: robar fedar birki, fatar sitiyari, gefen kujerar direba, fuskar faifan birki, da ƙananan tabon tsakuwa a gaban mota. Motar da aka ce ta yi kilomita 2,000 amma fedarta ta siɗe, akwai magana.

Shi kuma mai sayarwa, abin da ke ɗaga masa farashi bayan mita shi ne takardu: rasit na sabis ɗin kowace shekara, shaidar inda aka ajiye motar, ranar da aka canja bel da man birki. Wasu sukan adana tayoyin asali a gefe don masu son komai na masana'anta, su sa wa motar sababbi. Wannan dabara ce mai kyau. Idan babu takardun nan, mai saye ya lissafa kuɗin taya huɗu, bel, tiyo, wankin tanki da canja kowane mai, ya cire daga tayinsa tun kafin dillali ya fara zancen la'ada.

Aikin gida

Na ɗaya: an rubuta 2314 a ƙarshen lambar DOT ta wata taya. A wane mako da wace shekara aka yi ta, kuma a wace shekara ta cika shida? Na biyu: ku sake lissafin ƙarfin motsi na mota mai kilo 1,500, amma a gudun kilomita 100 a awa, ku faɗi ninki nawa ya bambanta da na 200. Na uku: kowa ya duba tayoyin motar da ke gidansu ko tashar unguwarsu, da izinin mai ita, ya kwafo lambobi huɗun nan ya zo da su ranar Litinin.