Darasin Lafiya: Ƙafafun da Suke Hana Barci da Maganin Ƙarin Jini

Zuwa ga iyalai na Bonabéri, New Bell da sauran unguwannin Douala. A ziyarar da muke yi gida-gida, akwai koken da muke yawan ji, musamman daga bakin mata: da zarar an kwanta, sai ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya. Wata ta ce kamar kiyashi ne ke yawo cikin ƙwaurinta, wani ya ce kamar ana jan jijiyarsa. Sai an tashi an taka kafin a samu sauƙi, a koma kwanciya kuma abin ya dawo. A ɗakin da mutum shida ko bakwai suke kwana, idan ɗaya bai yi barci ba, sauran ma ba su yi ba.

Wasu kan ɗauka iska ce ko sammu, wasu kuma su ce tunanin gida ne. To, wannan ciwo ne da likitoci suka daɗe da sani. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana shi tun 1672, sannan likitan Suwidin Karl-Axel Ekbom ya ba shi sunansa a 1945. Mu ce masa ciwon rashin natsuwar ƙafafu. Idan kun je asibiti, sunansa da Faransanci shi ne syndrome des jambes sans repos.

Alamomi huɗu

1. Mutum yana jin dole sai ya motsa ƙafafunsa, sau da yawa tare da wani abu mara daɗi a can cikin nama.
2. Abin yana farawa ne idan an zauna ko an kwanta.
3. Yana lafawa idan an tashi an taka ko an miƙe ƙafa.
4. Ya fi tsanani da yamma da dare.

Ya bambanta da murɗewar jijiya, wadda take zuwa da zafi farat ɗaya naman ƙwauri ya yi tauri. Ya kuma bambanta da mutuwar tafin ƙafa irin ta masu ciwon suga, wadda tafiya ba ta kawar da ita.

Me ya haɗa shi da ƙarancin jini?

Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe domin yin jini. Ƙwaƙwalwa ma tana bukatarsa domin sarrafa wani sinadari mai suna dofamin, wanda yake daidaita motsin gaɓoɓi. Idan ajiyar ƙarfen jiki ta yi ƙasa, wannan aiki yakan rikice, sai ƙafafu su rasa natsuwa. Shi ya sa ciwon ya fi kama masu juna biyu, musamman a watanni ukun ƙarshe, da matan da jinin al'adarsu yake da yawa, da masu tsutsar ciki, da masu ciwon ƙoda. Ana kuma gadonsa. Gudun hijira kansa yana ƙara haɗarin, domin watannin da aka yi ba nama ba kifi suna cinye ajiyar jiki.

Wata alama ita ce kwaɗayin cin farar ƙasa, wadda ake sayarwa a kasuwanni da sunan kalaba, ko tauna ƙanƙara. Wannan kwaɗayi yakan nuna ƙarancin ƙarfe, kuma ita kalabar tana hana hanji tsotse ɗan ƙarfen da ke cikin abinci.

A yi gwaji kafin a sha

Kada a sayi maganin ƙarin jini a bakin titi a fara sha. Jiki ba shi da hanyar fitar da ƙarfen da ya yi masa yawa, sai ya taru a hanta da zuciya. Masu sikila da waɗanda aka sha yi wa ƙarin jini su ne suka fi shiga wannan haɗari.

Ku je cibiyar lafiya mafi kusa, ko asibitin gunduma na Bonassama ga na Bonabéri, ko na New Bell. Ku faɗi alamomin nan huɗu, ku tambaya ko za a iya auna ferritine, wato ajiyar ƙarfen jiki. Wannan gwaji daban yake da awon jinin da aka saba yi. Ana iya cewa jininku ya isa, alhali ajiyar ta kusa ƙarewa. Ga mai wannan ciwo, likitoci sukan ba da ƙwayar ƙarfe idan awon ya nuna 75 ko ƙasa da haka. Idan kuna da zazzaɓi, ku faɗa, domin zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga wannan lamba ta nuna kamar ajiyar ta cika. A fara maganin zazzaɓin tukuna.

Yadda ake shan ƙwayar

Ƙwayar da aka fi bayarwa tana ɗauke da ƙarfe miligiram 60 zuwa 65. Ana sha ɗaya a rana, wani lokaci likita ya ce rana ɗaya a sha rana ɗaya a huta. Ku bi abin da aka rubuta muku.

A sha da ruwa, ciki ba abinci, ko da ɗan lemun zaƙi, gwaiba ko gwanda, domin bitamin C yana taimaka wa hanji ya tsotse ƙarfen. Idan tana tayar da zuciya, a sha da ɗan abinci kaɗan, hakan ya fi a daina.

Kada a haɗa ta da shayi, kofi, madara ko nono. A bar awa biyu tsakani. Mun san shayi bayan abinci al'adarmu ce, ba mu ce a bari ba, a jinkirta shi kawai.

Ƙarfe yana rage ƙarfin wasu magunguna, kamar ciprofloxacine, doxycycline da dolutegravir na masu ɗauke da cutar HIV. Ku nuna wa ma'aikacin lafiya duk abin da kuke sha, ya raba muku lokaci.

Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Ciki yakan bushe, sai a yawaita ruwa da ganye. Amma idan bayan gidan ya zo da jini, ko yana danƙo kamar kwalta, a koma asibiti a ranar.

Sauƙi ba ya zuwa cikin kwana biyu. Yakan ɗauki makonni, kuma ana sake gwaji bayan wata uku. Idan ƙwayar ba ta yi aiki ba, akwai ƙarfen da ake sa wa ta jijiya, a asibiti kaɗai ake yinsa.

Ga masu juna biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shan ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 tare da folik asid kullum, kuma ana bayarwa a wurin awon ciki. Kada a ƙara wani a kai sai da izinin ungozomar asibiti. Ga yawancin mata, ciwon yana tafiya bayan haihuwa.

Abin da yake tsananta ciwon

Wanda ya rasa barci yakan nemi Phenergan ko maganin mura mai sa gyangyaɗi. Waɗannan suna ƙara tayar da ƙafafu, haka ma maganin amai metoclopramide. Shayi mai kauri, kofi, goro da sigari da dare su ma suna ƙara wahalar. Abin da yake taimakawa shi ne ɗan tattaki da yamma, tausa da ruwan ɗumi, da kwanciya a lokaci guda kullum. A tukunya kuma, gwargwadon hali, a samu hanta, kifi, wake, gyaɗa, zogale da alayyafo, a matsa lemun tsami a kai.

Gargaɗi game da yara

Ƙwayar ƙarfe tana kama da alewa, kuma kaɗan daga cikinta tana iya kashe ƙaramin yaro. Kada a bar ta ƙarƙashin matashi ko cikin jakar da yara ke wasa da ita. A rufe ta a akwati ko a rataye ta sama. Idan yaro ya haɗiya, a garzaya da shi asibiti tare da kwalin maganin, ko da ya yi amai ya koma wasa, domin gubar takan lafa na wasu awanni kafin ta dawo da ƙarfi.

Wanda ba ya iya karatu, maƙwabcinsa ya karanta masa wannan darasi. Mai bukatar rakiya ko tafinta zuwa asibiti ya sanar da ma'aikacinmu na unguwa, ya kuma riƙe takardar shaidarsa. Allah ya ba mu lafiya da barci mai daɗi.