Macen Gada ko Namiji: Wanne Mafarauci Zai Ɗauka?

Tambaya: Ni matashi ne daga Kusada, ina bin manyanmu farauta idan an gama girbi. Mahaifina ya hana ni harbin macen gada, alhali ta fi nama. Ga shi kuma ina kallon bidiyon maharban Amurka a waya, suna cewa harbin mata ya fi yi wa daji amfani. Wa zan bi?

Amsa: Bi maganar mahaifinka. Su ma Amurkawan ba ƙarya suka yi ba, sai dai dajinsu daban, naka daban.

Wajen shekarar 1900, barewar nan tasu mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa saboda farautar kasuwa, har abin da ya rage bai wuce dubu ɗari biyar ba. Sai jihohi suka fara kafa dokar barin mata. Jihar Pennsylvania ta yi tata a 1907: namiji kaɗai za a harba. Yau ana ƙiyasta dabbar ta kai miliyan 30, tana cinye amfanin gona, tana haddasa haɗarin mota. Shi ya sa hukuma take roƙon maharba su rage mata. Ka lura da kyau: da suka so dabba ta yawaita, mace suka bari, da suka so ta ragu, mace suka nufa. Yawan garke a cikin mace yake.

To, kai wanne kake nema a nan? Ka bi hanya daga Kankia zuwa Kafin Soli ko Rimaye, ko ka zaga ta Yashe, gona ce ke bin gona. Abin da ya rage wa naman dawa ɗan sunƙuru ne na sabara da geza da kalgo, sai bakin rafi. Tambayi tsofaffin maharba rabonsu da ganin gwanki ko kanki a ƙasar nan, za ka ji labarin zamanin ƙuruciya. Dajin Rugu da ake taƙama da shi a yammacin jiha kuwa, rashin tsaro ya raba mutane da shi. Gada ce ta jure, don ba ta da zaɓen abinci, tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, kuma ta iya laɓewa.

Lissafin haihuwarta shi ne abin dubawa. Gada takan yi kamar wata shida zuwa bakwai da ciki, ta haifi ɗa guda. Ba ta da wani lokacin haihuwa guda ɗaya a shekara, don haka babbar mace da ka gani da rani, sau da yawa ko dai tana da ciki, ko ta ɓoye jariri a ciyawa tana zuwa ba shi nono. Harsashi ɗaya, rai biyu. Namiji ɗaya kuwa yana iya hawan mata fiye da guda da ke maƙwabtaka da shi. Duk mai kiwo a Kankia ya san wannan: da Babbar Sallah rago yake kaiwa kasuwa, tunkiya tana gida.

Gaskiya ne macen gada ta ɗan fi namiji girma, amma bambancin bai kai abin da za a kashe zuriya a kansa ba. Naman tsohon namiji ya fi tauri da ƙarni, wannan ma gaskiya ne. Maganinsa a feɗe da wuri, a cire kayan ciki kafin rana ta yi zafi, a kuma bar tukunya ta daɗe a wuta.

Sai dai kada ka ɗauka namiji ganima ne. Gada ba ta yawo a garke, ɗai-ɗai take zama ko biyu-biyu, kowa da yankinsa. Idan a sunƙurun ƙauyenku namiji ɗaya ne ya rage ka kashe shi, matan za su zauna ba ciki har sai wani ya ƙetaro gonaki da titi ya zo, in ma ya tsira. Saboda haka kafin a saki kare, a duba sawu da kashi. Inda sawu ya yi ƙaranci, a bar wurin shekara biyu ko uku, mace da namiji duka.

Yaya za ka bambance su? Namijin gada yana da gajeren ƙaho miƙaƙƙe, tsawonsa kamar yatsa ko ya ɗan fi, mace galibi ba ta da shi. Abin da ke ruɗa yara shi ne tukkun gashi da dukkansu suke da shi a tsakar ka, wanda daga nesa yake kama da ƙaho. In ba ka ga ƙaho biyu ƙarara ba, sauke bindiga. Mazo ma namijinsa ne kaɗai ke da ƙaho. Barewa kuwa duka biyun suna da shi, na namiji mai kauri da lanƙwasa, na mace siriri. Amma wannan bayani na gane ta ne kawai: barewar ƙasarmu mai jan goshi tana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a duniya, don haka ka bar ta gaba ɗaya.

Inda aka fi yin ɓarna ba a wajen maharbi mai saiti ba ne. Tarkon waya ba ya tambayar mace ko namiji. Fitilar goshi ido biyu kawai take nuna maka a duhu. Farautar gayya, inda ake cika mota da samari da karnuka, a kewaye daji a cinna wuta, tana share mai ciki da jariri da tsoho a wuni guda, ta kuma ƙone makwancin fakara da zomo. Dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta amfani da wuta da guba da farautar dare wajen kama dabbobin da ta kare. Malamanmu na Malikiyya kuma sun karhanta farautar da ake yi don wasa kawai.

Kai kaɗai ba za ka iya tsayar da gayya ba, kuma in ka bar mace wani ya zo bayanka ya ɗauke, ka yi aikin banza. Ka kai maganar gaban Sarkin Dawa ko shugaban mafarautan yankinku tun kafin a buga gangar fita. A yanke cewa wanda ya kawo macen gada ba ya da kaso, a ware wani sunƙuru da ba a shiga bana, a sanar da mai unguwa da ƙauyukan da kuke iyaka da su. Ranar da kwaɗayin nama ya taso, akwai gafiya da kurege, waɗanda suke haihuwa fiye da ɗaya kuma manoma ke kuka da su a gonar gyaɗa.