Alfadari ko Mai Lantarki Zalla? Darasin Makamashi a Kan Hanyar Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya fito daga birnin Sakkwato ya nufi kudu a kan hanyar Yawuri, bayan tafiyar kimanin kilomita 25 zai iske garin Boɗinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya taɓa zama. Idan ya ƙara kimanin kilomita 30 sai ya isa Shagari, mahaifar marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983 malamin kimiyya ne a makarantar Midil ta Sakkwato. Wannan hanya kullum cike take da ma'aikata da 'yan kasuwa masu sammako zuwa birni su komo da yamma. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin wannan zirga-zirga ya zama abin da ke cinye albashi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Saboda haka mutane suka fara tambayar motocin da ba su da cin mai, ko waɗanda ba su shan mai sam.

Iri biyu ne ake yawan ambata, musamman a cikin ƙananan motocin nan masu siffar jif, waɗanda cikinsu ya ɗan ɗaga daga ƙasa, abin da ya dace da hanyoyin karkara. Ta farko ita ce mai lantarki zalla, wadda ba ta da tankin mai. Ta biyu kuwa tana da injin fetur da injin lantarki a jiki guda. Turawa suna kiran ta haibirid, kalmar da masana ilmin halittu suka daɗe suna amfani da ita ga dabba irin alfadari, wanda ubansa jaki ne uwarsa goɗiya. Domin sauƙi, a wannan darasi za a riƙa kiran ta alfadari. Motar Hyundai Kona misali ce mai kyau, domin ana yin ta iri biyun, kuma mai lantarkinta ce aka ƙaddamar a Legas a watan Nuwamba na 2020 a matsayin motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Nijeriya.

Tozon raƙumi da batir

Ɗalibin da ya fahimci yadda jiki yake sarrafa abinci ya riga ya fahimci rabin aikin mota. A cikin ƙwayoyin jiki, sukarin gulukos yakan haɗu da iskar oksijin, sai a sami ƙarfi da zafi da ruwa da iskar kabon-dayoksaid. Abin da ke faruwa a cikin injin mota ke nan, sai dai shi jiki a hankali yake yin nasa, mataki-mataki, shi kuwa inji da fashewa. Tsokar ɗan Adam ba ta mayar da fiye da kimanin kashi 25 cikin 100 na ƙarfin abinci zuwa motsi, sauran duk zafi ne, shi ya sa manomi yake gumi. Injin fetur na yau da kullum ma bai fi ta da wani abin kirki ba. Cikin kowace lita huɗu da aka zuba, ƙarfin kimanin lita uku yakan tafi a zafin lagireto da hayaƙin salansa. Injin lantarki kuwa, ɗan'uwan wanda ke juya fanka, yakan mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ya karɓa zuwa motsi.

To, me ya hana kowa ya koma lantarki? Amsar tana wajen ajiya. Raƙumi yana tara kitse a tozonsa, domin kitse ya fi kowane abinci ɗaukar ƙarfi mai yawa a nauyi kaɗan. Man fetur tozo ne. Lita ɗaya, wadda ba ta kai nauyin kilo ɗaya ba, tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 9 na wutar lantarki, wato irin yunit ɗin da mitar gida take ƙirgawa. Babban batirin Kona mai lantarki ta farko yana ɗaukar yunit 64, daidai da ƙarfin lita 7 na fetur kacal, amma nauyinsa ya haura kilo 400. Abin mamakin shi ne, da wannan ɗan guzurin motar takan yi tafiyar da ta wuce kilomita 400, domin ba ta da almubazzaranci. Mai fetur tana da rumbu babba da hannu mai zubarwa, mai lantarki tana da ƙaramin rumbu da tattali.

Alfadari ya ɗebo daga kowane ɓangare. Batirinsa ƙarami ne, na Kona bai kai yunit 2 ba, kuma ba a jona shi da wutar gida. Injin fetur ne yake cika shi, sa'an nan birki ya taimaka. A motar gargajiya, duk lokacin da direba ya taka birki, ƙarfin gudun yakan zama zafi ya bi iska. A alfadari da mai lantarki kuwa, injin lantarkin yakan juye ya zama janareto, ya mayar da wani kaso na ƙarfin cikin batir. Haka kuma idan an tsaya, injin fetur yakan mutu da kansa. Kamfanin Toyota ne ya fara sayar da irin wannan mota da yawa, da ya fito da Prius a Japan a 1997. Sai dai ya kamata a lura cewa ribar alfadari ta fi fitowa a cunkoson cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, kamar kewayen babbar kasuwar Sakkwato. A miƙaƙƙiyar hanya irin ta Boɗinga zuwa Shagari, inda direba kan daɗe bai taɓa birki ba, ribar takan ragu.

Lissafin malamin Boɗinga

A ɗauka akwai wani malami da ke zaune a Boɗinga yana koyarwa a Sakkwato. Zuwa da dawowa kilomita 50 ne, kwana 22 a wata, wato kilomita 1,100. Ƙaramar jif mai fetur zalla takan sha kimanin lita 8 a kilomita 100, alfadari kimanin lita 5, mai lantarki kuwa kimanin yunit 15. Saboda haka a rana mai fetur za ta sha lita 4, alfadari lita 2 da rabi, mai lantarki yunit 7 da rabi, a ce 8 saboda abin da ke salwanta wajen caji.

Idan aka yi lissafi da farashin ƙarshen 2024, wato lita a kan naira 1,000, mai fetur za ta ci naira 88,000 a wata, alfadari naira 55,000. Wutar lantarki ta rukunin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana tana wajen naira 210 a lokacin, don haka yunit 176 za su tashi a kan kimanin naira 37,000. A takarda, mai lantarki ta yi nasara.

Amma takarda ba ta san an ɗauke wuta ba. Cajar da ake jonawa a soket ɗin gida takan ba da yunit 2 da 'yan kai a awa guda, saboda haka malamin yana bukatar wuta mai ƙarfi ta kusan awa 4 a kowane dare. Idan batirin ya ƙare ƙarƙaf, cika shi ta wannan hanya zai ɗauki fiye da kwana guda cur. Mutanen wannan yanki ba su manta da watan Satumba na 2023 ba, lokacin da gobara ta tashi a tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, ta jefa Kebbi da Sakkwato da sassan Zamfara cikin duhu. A irin wannan hali sai malamin ya tayar da janareto, kuma nan ne lissafi yake kifewa. Ƙaramin janareton gida da wuya ya ba da fiye da yunit 2 daga lita guda. Yunit 8 ke nan sai an ƙona lita 4, daidai da abin da motar fetur zalla take sha, ya kuma zarce na alfadari nesa. Wanda ya sayi motar lantarki yana caja ta da janareto bai rabu da gidan mai ba, salansar kawai ya ciro daga bayan mota ya ajiye a tsakar gida, kusa da inda yara suke kwana.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ce Allah ya hore wa ƙasar Sakkwato. Kowane murabba'in mita na ƙasa a nan yana samun kimanin yunit 6 na ƙarfin rana a wuni. Allunan sola biyar, kowanne mai wat 400, sukan iya tara yunit 8 ɗin da malamin yake bukata a rana mai haske, muddin ana goge musu ƙura, musamman a lokacin hunturu. Matsalar kawai ita ce, rana da rana take fitowa, lokacin da motar take wurin aiki. Ko dai a kafa allunan a makaranta, inda motar ke yini a tsaye, ko a sayi wani batirin na gida, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Wannan tunani ne ya sa hukumar tsara da bunƙasa motoci ta ƙasa ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a watan Afrilu na 2021, irinta ta farko a Nijeriya. Shugaban hukumar a lokacin, Jelani Aliyu, ɗan asalin Jihar Sakkwato ne, kuma shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna a Amurka a 2007. Ita Volt wani irin alfadari ce da ake jonawa da wuta. Takan yi kimanin kilomita 55 da batir kafin injin fetur ya karɓa, wato kusan daidai tafiyar malamin Boɗinga ta rana guda. An daina ƙera ta a 2019, amma wasu kamfanoni sun ci gaba da yin irinta.

Ga mai nazarin halittu, duk wannan zance ɗaya ne. Fetur ma hasken rana ne, wanda ƙananan tsirran teku suka kama shekaru miliyoyi da suka wuce, suka mutu, ƙasa ta binne su ta dafa. Bambancin shi ne, kowace lita da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na kabon-dayoksaid ɗin da aka daɗe da rufewa, hasken yau kuwa ba ya sakin kome.

Zafin bazara

Akwai wata ƙa'ida da ɗaliban ilmin halittu suka sani: yawancin sauye-sauyen sinadarai sukan ninka sauri idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Shi ya sa nono yake saurin tsami a watan Afrilu. Batirin litiyam ma sinadarai ne, kuma sauye-sauyen da ke tsufar da shi suna bin wannan hanya. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 35, alhali a Boɗinga da Shagari zafin bazara yakan wuce digiri 40 a inuwa. A 2012 masu motar Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, ƙasa mai zafi kamar wannan, sun koka cewa batiransu suna raguwa da wuri. Batirin wannan mota ba shi da ruwan sanyaya. Na Kona mai lantarki yana da shi, kamar yadda jiki yake da jini da gumi. Don haka tambayar farko da mai saye zai yi, musamman idan motar ta hannu ce, ita ce yadda ake sanyaya batirin da kuma yawan ƙarfin da ya rage masa. Ajiye mota a inuwar dogon yaro ko rumfa, da guje wa barin batir a cike maƙil cikin rana, suna ƙara masa kwana. Na'urar sanyaya cikin mota ita ma daga batir take ci, saboda haka kilomita 400 na takarda ba za su cika ba a watan Mayu.

Alfadari bai tsira daga zafi ba, sai dai batirinsa ƙarami ne, sauya shi bai kai tsadar na mai lantarki ba. Yawanci ƙaramar fanka ce take hura masa iska daga cikin mota, kuma idan ƙurar hunturu ta toshe ragar fankar, batirin yakan gasu ba tare da direba ya sani ba.

Ta fuskar gyara, mai lantarki ba ta da baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, kayan da ke motsi a cikinta kaɗan ne. Alfadari kuwa yana da duk lalurar injin fetur, ga ta lantarki a kai. Amma rabin jikinsa makanikan Sakkwato sun san shi, kayansa kuma sun fi samuwa. Abu guda ya haɗa su: wayoyin nan masu launin ruwan lemo suna ɗauke da bolt 200 zuwa 400, wanda ya isa ya tsayar da zuciyar mutum. Yaron makanike da ya saba taɓa batirin bolt 12 da hannu bai kamata ya kusance su ba sai da horo.

Idan aka auna duka, magidancin Shagari mai mota guda, wanda yau yana Sakkwato, gobe biki ya kai shi Tambuwal, jibi aiki ya kira shi Abuja, tafiyar da ta haura kilomita 600, alfadari ne ya dace da shi. Malamin Boɗinga kuwa, mai hanya ɗaya sananniya, idan makarantarsu ko gidansa na da allunan sola, mai lantarki za ta fi masa sauƙi a kowane wata, bayan ya sha wahalar kuɗin saye.

Aikin aji

Malamai za su iya sa ɗalibai su maimaita lissafin da ke sama ga ma'aikacin da ke tasowa daga Shagari, wanda zuwa da dawowarsa kimanin kilomita 110 ne. Su tambayo farashin lita a gidan mai mafi kusa, su duba kuɗin yunit a takardar wutar gidansu, sa'an nan su rubuta awoyin da aka sami wuta a unguwarsu har kwana bakwai. Daga nan sai su fitar da adadin allunan sola masu wat 400 da zai bukata, da kuma yawan dararen da motarsa za ta kwana ba ta cika ba.