Yadda Ake Umurtar Na'ura Ta Yi Ban Ruwa

Tun shekarar 1967, sa'ad da Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙago harshen umurtar na'ura mai suna Logo a Amurka, wanda daga baya yara suka riƙa umurtar wani ɗan mutum-mutumi mai siffar kunkuru da shi, wasu malamai suke ganin cewa yaro ya fi riƙe ilmin na'ura idan ya ga umurninsa ya motsa wani abu a gabansa. A ganina, ɗalibin Birnin Kebbi ko Argungu, wanda ya tashi yana ganin manoman rani suna jawo ruwa da inji zuwa shinkafar fadamar Rima, babu darasin da ya cancance shi kamar na ban ruwa.

Da farko sai a tanadi allon Arduino, wanda asalinsa daga garin Ivrea na Italiya ne a 2005, da ma'aunin laimar ƙasa, da ƙaramin famfo, da tukunya mai shuka. Wajibi ne a sa makunni na musamman tsakanin allon da famfon, domin wutar allon, wadda ba ta wuce bolt 5 ba, ba ta da ƙarfin tayar da famfo.

Sa'an nan a zo ga rubutun umurni, wanda ya kasu kashi biyu. Kashi na farko muƙaddima ce da na'ura ke karantawa sau ɗaya tak, inda ake sanar da ita ƙafar allon da ma'auni ke haɗe da ita da wadda makunni ke haɗe da ita. Kashi na biyu shi take maimaitawa ba fasawa muddin akwai wuta, kuma a nan hikimar take, gama a cikinsa ake kafa sharaɗi da jawabinsa, kamar dai yadda almajirin nahawu ya sani a littattafan Malam Abdullahi na Gwandu: idan ƙasa ta bushe, kunna famfo, idan ta jiƙe, kashe shi.

Amma na'ura ba ta san bushewa ba, lamba kawai take gani, daga 0 zuwa 1023. Saboda haka lalle ne ɗalibi ya soka ma'aunin cikin busasshiyar ƙasa ya rubuta abin da ya nuna, ya kuma soka cikin jiƙaƙƙiya ya rubuta, da yake laka da rairayi ba su ba da lamba ɗaya. Ina roƙon malami kada ya ba shi lambobin a shirye. Ya kamata kuma a sa haddi biyu, na kunnawa dabam, na kashewa dabam, don kada famfon ya dinga tashi yana mutuwa a kan iyaka guda.

Daga nan sai a tura rubutun daga kwamfuta zuwa allon ta waya, a bar tukunyar a rana har ta bushe, a jira a ga ko famfon zai tashi da kansa.