Idan Ciwon Ɓarin Kai Ya Tayar da Jini, Kada a Yi Gaggawar Haɗiyar Ƙwaya

Wata baiwar Allah, malamar makaranta da ba ta wuce shekara 35 ba, ta shigo wurina da sassafe, ta ɗaure goshinta tamau da ɗankwali, tana kare ido da gefen mayafi saboda hasken taga. Tun kafin ta zauna ta miƙo mini 'yar takardar da aka yago daga littafi, an rubuta 168/102 a jiki. Ta ce, "Likita, shi ke nan na kamu. Abin da ya kwantar da mahaifiyarmu ne ya zo kaina."

Da na bi ba'asi, ashe a daren jiya ne ciwon ɓarin kanta ya taso, irin wanda ta saba da shi tun tana budurwa: sara a gefen hagu kamar ana buga guduma, tashin zuciya, ga amai har sau biyu. Maigidanta ya kai ta wani kemis, aka ɗaura mata na'urar awo tana dafe da kai tana nishi. Mai shagon ya ga lamba, ya ce jininta ya hau, ya ba ta ƙwaya ya ce ta sa a ƙarƙashin harshe. Allah ya kiyaye, amai bai bar ta ta sha ba. Muka ba ta maganin ciwo da na tsayar da amai, muka kwantar da ita a ɗaki mai duhu. Bayan sa'a biyu, ciwon ya lafa, na sake awo da hannuna: 126/80.

Irin wannan labari na sha jin sa, shi ya sa na ga ya kamata mu zauna a kansa yau.

Jikin ɗan Adam ba ya bambanta azabar ciwo da ganin maƙiyi. Duk lokacin da zafi ya tsananta, jiki yakan saki sinadarin adiranalin da 'yan uwansa, zuciya ta ƙara sauri da ƙarfin bugu, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke. Ka ɗauka tiyo ne na ban-ruwa: an ƙara wa injin wuta, an kuma matse bakin tiyon, dole ƙarfin ruwan ya ƙaru. Ga tsoro, ga yunƙurin amai, ga rashin barci, kowanne da tasa gudummawar. Sai kuma ganin lambar kanta, wanda ke ƙara tayar da hankali, a sake awo a ga ta ƙara hawa. Ciwon ɓarin kai yakan ɗauki daga sa'a 4 zuwa 72 idan ba a magance shi ba, kuma a tsawon wannan lokaci awon zai iya yin sama da ƙasa. Da zarar ciwon ya sake ka, a mafi yawan mutane jinin kan koma inda yake.

Wannan daban yake da cutar hawan jini. Ita cutar, ma'anarta jini ya zauna a sama ko da mutum yana cikin natsuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an auna a ranaku biyu daban-daban an samu 140/90 ko fiye kafin a ce mutum yana da ita. Awo ɗaya da aka yi wa mai murƙususu da tsakar dare ba ya yanke wannan hukunci. Kuma akwai wata fahimta da ta zauna mana daram, wai duk mai hawan jini sai ya ji ciwon kai. Gaskiyar ita ce mafi yawan masu cutar ba sa jin komai, shekara da shekaru, har sai ta taɓa ƙoda ko zuciya ko ƙwaƙwalwa. Saboda haka idan ciwon kai da babbar lamba suka haɗu, sau da yawa ciwon ne ya tayar da jinin.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayar nan da ake cewa a sa ƙarƙashin harshe, galibi nifedifin mai saurin aiki, ko kuma a aro maganin Baba ko na maƙwabciya a haɗiye. Saukar da jini farat ɗaya haɗari ne. Ƙwaƙwalwa tana buƙatar jini ya riƙa isa gare ta da wani ƙarfi, idan aka kwashe ƙarfin nan cikin mintuna kaɗan, mutum na iya yanke jiki ya faɗi, wani ma ya kai ga shanyewar ɓarin jikin da ake gudu. Likitoci sun daɗe da barin wannan hanya. Sannan wanda jininsa na ɗan lokaci ne ya hau, da ciwon ya wuce sai maganin ya ci gaba da aiki a kan jinin da ya riga ya daidaita, ya tashi da jiri da kasala.

Wani ɓangaren da mutane ba su cika lura da shi ba, su kansu magungunan ciwon kan na iya tura jini sama. Ibufurofen da dikilofenak, idan aka mai da su abin sha kullum, suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna wahalar da ƙoda, suna kuma rage ƙarfin maganin hawan jini ga mai shan sa. Cafergot, wanda ya haɗa agotamin da kafeyin, aikinsa tsuke jijiyoyi ne. Haka ma sumatiriftan da danginsa: magani ne mai kyau ƙwarai ga ciwon ɓarin kai, amma ba a ba wa wanda jininsa bai daidaita ba, ko mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci su ma suna tayar da jini. Na taɓa ganin wanda ya haɗa uku daga cikin waɗannan a yini ɗaya, ya bi da goro da shayi mai kauri, sannan ya zo yana mamakin abin da na'ura ta nuna.

To, me za a yi idan ciwon ya taso? A sha maganin ciwo da wuri, tun yana somawa, domin idan ya kankama ciki kan daina karɓar magani yadda ya kamata. A shiga ɗaki mai duhu da shiru, a ajiye waya, a ɗora tsumma mai sanyi a goshi, a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Idan an auna an ga lamba ta hau amma ba ta kai 180/120 ba, kuma ciwon irin wanda aka saba ne, a ajiye na'urar. Kada a riƙa awo kowane minti biyar. A jira ciwon ya lafa, a sake aunawa. Wanda dama likita ya ɗora shi a kan maganin hawan jini, ya sha nasa a lokacin da ya saba, kada ya ninka.

Amma akwai inda ba a jira, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau. Idan awo ya kai 180/120, aka huta minti biyar aka sake bai sauka ba, a nemi likita a ranar. Idan kuma tare da shi akwai ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko ruɗewa, ko gani ya dushe, to asibiti nan take. Ko da lamba ba ta hau ba, idan baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, ko aka yi farfaɗiya, ba a tsaya neman na'ura ba. Haka ciwon kan da ya faɗo kamar tsawa ya kai ƙarshen zafinsa cikin minti ɗaya, da wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, da wanda ya fara a karon farko bayan shekara 50. Mai ciwon ɓarin kai ya san ciwonsa kamar yunwar cikinsa. Ranar da ya ce "wannan ba irin nawa ba ne", a yarda da shi.

Mai juna biyu kuwa hukuncinta daban ne gaba ɗaya. Daga mako na 20 na ciki har zuwa makonni shida bayan haihuwa, ciwon kai tare da awon 140/90 na iya zama share fagen jijjiga, wadda ke hallaka uwa da ɗa. Ko da ta saba da ciwon ɓarin kai tun tana yarinya, kada maigida ko uwar miji su ce ai ciwonta ne na kullum. A kai ta a auna jini, a duba fitsari. Kuma mai ciki ba ta shan agotamin ko kaɗan.

Bayan ciwon ya wuce, sai a gano gaskiyar inda jinin yake. Abin da na sa malamar nan ta yi ke nan: awo safe da yamma na kwana 7, a ranakun da take lafiya lau. A zauna a kujera mai jingina minti biyar, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, an riga an yi fitsari, ba a ci goro ko an sha shayi ko taba ba cikin rabin sa'a, kuma ba a magana lokacin awon. A yi sau biyu da tazarar minti ɗaya, a rubuta a littafi. Awon gida idan matsakaicinsa ya kai 135/85, akwai hawan jini na gaske da ciwon kan ya tona, sai a fara magani da rage gishiri da dunƙulen miya. Na malamar a waɗannan kwanaki bai taɓa wuce 125/80 ba.

A littafin nan dai a riƙa rubuta ranar da ciwo ya zo da abin da ya gabace shi: tsallake abinci, ƙishirwar bazara, kwana ido biyu, turare mai ƙarfi, ko gabatowar al'ada, domin ciwon ya fi kama mata kusan ninki uku a kan maza. Idan yana zuwa sau huɗu ko fiye a wata, ko ana shan maganin ciwo fiye da kwana 10 a wata, lokaci ya yi da za a yi maganar maganin riga-kafi. Wasu daga cikinsu, irin su furofaranolol da kandesatan, asalinsu na hawan jini ne, sai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, amma likita ne zai zaɓa, don furofaranolol bai dace da mai asma ba. Macen da ke ganin walƙiya ko zane-zane a idonta kafin ciwon ya sauka, ta faɗa wa ma'aikaciyar tazarar haihuwa, domin ƙwayoyi masu sinadarin istirojin suna ƙara mata haɗarin shanyewar jiki, kuma akwai wasu hanyoyin da suka fi dacewa da ita.

Ranar da za ku zo asibiti, ku taho da littafin awon, da kwalayen duk magungunan da kuke sha, har da na gargajiya.